Famfon Da Gwaggo Ta Yaba

Jama'a, sallama gare ku. Yau ba ni da kuzarin doguwar gaisuwa, ku yi mini uzuri. Na ga masu tambaya a ƙasan rubutuna, wai ina aka kwana, manyan saurayin nawa sun zo neman aurena ko ba su zo ba. Ku gyara zama ku ji. Amma tunda na lura akwai sababbin shigowa, bari in fara faɗin ko ni wace ce, kada wani ya ɗauka mai gyaran famfo ce ke ba da labari, kamar yadda Gwaggona take gaya wa ƙawayenta.

Ni mai zane ce, zanen kayan da za a ƙera. Shi na karanta, kuma cikin duk kayan duniya abin da Allah ya haɗa jinina da shi shi ne kan famfo. Na roba, ɗan ƙarami, marar nauyi, wanda za a ɗaura wa bokiti ko tanki, mai arahar da kowa zai saya bai tsaya ciniki ba. Wanda nake so kuwa shi ne mai shagon da ake zuba robar. A wayata har yau sunansa Abokin Aiki. Na sa masa hakan tun lokacin da nake ɓoye wa mutanen gida, da asiri ya tonu kuma sai na kasa canzawa. Shi Mai Zane yake kirana. Gwaggo kuwa, yayar Babana, Ɗan Roba take ce masa, ko yana wurin ko ba ya nan.

Hannun Umma ne ya jawo komai. Ciwon gaɓoɓi ya kumbura mata yatsu, famfon ƙarfen da ke jikin tankin tsakar gidanmu kuma ba ya jin lallashi. Na sha ganinta ta naɗe shi da bakin zani tana murɗawa da hannu biyu, idan ya ƙi sai ta koma ta zauna, ta jira wani ya gitta. Umma ba ta iya roƙo ba, ko 'ya'yanta ne. Ranar da na ga ta yi alwala da sauran ruwan wanke kofi don kada ta tashe ni, ranar na zauna na zana famfon da ba a murɗawa. Hannunsa faffaɗa ne kamar bayan cokali, da gefen hannu ake tura shi, ko da gwiwar hannu ma.

Na yi yawo da zanen nan shago shago. Wani ya ce in kawo mijina mu yi magana, wani ya karɓa ya ɗora kofin shayi a kai. Shi kaɗai ya goge hannunsa a jikin riga, ya shimfiɗa takardar a benci, ya danne kusurwoyinta da sifana, ya yi ta kallo har na fara jin haushi. Can ya ɗago ya ce, "Wa kika zana wa wannan? Ba don kasuwa kika fara shi ba."

To ku gaya mini, wace ce za ta ji wannan ta koma gida yadda ta fito?

Shagon nasa ba abin nunawa ba ne. Inji ɗaya ne, kore, tsoho, mai nishi kafin ya tashi. Buhunan ƙwayoyin roba a jingine da bango, fanka mai fuka-fuki biyu, ƙaramin sikeli a kan taga, da warin narkakkiyar roba da ke bin mayafina har gida. Kofuna yake zubawa, da mataji, da abin maƙale shanya. A nan ya koya mini ƙa'idar da sai kun riƙe ta za ku gane abin da ya same mu.

Ana zuba roba ne a cikin ƙarfen zubi. Ƙarfe ne gida biyu, idan an haɗe su akwai rami a tsakiya mai siffar abin da kake so. Inji ya tura narkakkiyar roba ciki, ta huce, a buɗe, famfo ya faɗo. Idan kana son robar ta ƙara kauri, sai a kai ƙarfen wurin mai sassaƙa ya ƙara faɗin ramin, wannan aikin yini ne. Amma idan aka sassaƙe ya wuce, ƙarfen da aka cire ya riga ya zama gari a ƙasa, babu mai mayar maka da shi. Shi ya sa ake farawa da siriri, a gwada, a ƙara ɗan kaɗan, a sake gwadawa. Ya maimaita mini wannan har na haddace, idan ya buɗe baki ni nake ƙarasa masa, ya ce na raina malamina. Kuma ba banza yake tsoron ƙarfen ba. Duk abin da ya mallaka a cikinsa ya shiga, har babur ɗinsa ya sayar, ya koma hawan motar haya.

Da famfunan farko suka faɗo daga inji, wallahi sai da na yi hawaye. Farare tas, ka ɗora a tafin hannu kamar ka ɗauki ƙwai. Mun gana musu azaba iri-iri. Mun rataya musu bokiti cike da ruwa, don na san halinmu mata, a wuyan famfo muke rataya bokiti mu tafi hira. Mun shanya su a rana, mun yi ta tura hannun har kafaɗata ta yi tsami. Ko ɗigo. Wata mai kamfanin bokitai ta ɗora ɗaya a sikelinta, ta ce muddin ya tsaya a wannan nauyin kuma ba ya ɗiga, za ta sa shi a jikin duk bokitin da ta fitar. Sauran na gwajin muka niƙe aka mayar cikin buhu, na tsira da guda biyu. Ɗaya na ɗaura wa bokitin Umma a bayan kicin, ɗaya na jefa a jakata.

Umma ta tura shi da gefen hannu, ruwa ya zubo. Ta mayar, ya tsaya. Ta sake turawa kamar ƙaramar yarinya, sannan ta ce, "Allah ya yi muku albarka." Muku fa ta ce. Na kwana ina juya kalmar nan.

Matsalar gidanmu ita ce Baba ba ya magana, Gwaggo kuma ba ta shiru. Duk ƙarshen mako tana tafe, da jakarta mai ƙyalli da turarenta mai hawa kai, ta zauna a kujerar da ta fi kowace laushi ta sa ni a gaba. Shekaruna suna tafiya. Ƙannen bayana a dangi sun yi aure. Ɗan ƙawarta ma'aikacin banki har yanzu yana tambayata, mutum mai mota da na'urar sanyaya ɗaki. Idan ta gama ta juya ta ce, "Ko ba haka ba?" Baba ya gyara tabarau ya ci gaba da sauraron rediyonsa. Ni kuma na ɗauka shirun nan amincewa ne, tunda a gabansa take faɗa bai taɓa musawa ba.

Ranar da abin ya faru ina falo, sanye da tsohuwar doguwar rigata ta zaman gida mai ɗigon bilic na wanki a gaba, ina yi wa Abokin Aiki saƙon murya a kan kalar da za mu sa wa hannun famfon. Gwaggo ta ce wai me nake ta ƙus-ƙus a waya. Rawar kai ta ɗebe ni, na zaro famfon jakata na miƙa mata, ban ɗaga yatsana daga wayar ba.

Ta jujjuya shi. Ta cilla sama ta cafe. Ta taɓe baki.

"Wannan ne? Wannan abin da in iska ta taso sai an bi shi da gudu? Ni na ɗauka murfin kwalba ne. Ke yarinya, namijin da zai riƙe gida abin hannunsa ake dubawa. Dubi famfon da ubanki ya ɗaura tun ba a haife ki ba, yana nan daram. Shi Ɗan Roban iyakar abin da ya iya ke nan? To bari ki ji, ubanki ba zai ba mai ƙera kayan wasan yara 'yarsa ba. Ni na san ƙanena."

Da ta tafi na duba waya, ashe duk ta naɗa. Na saurara, na yi dariya har da riƙe ciki, musamman wurin murfin kwalba. Ina iya gogewa. Yatsana har ya je kan gogewar. Sai na ce a raina, ai shi ma ya kamata ya sha dariyar nan, mu da muka saba kwaikwayon Gwaggo a shago. Na tura masa, na rubuta a ƙasa: "Ka ji Gwaggo da aikinta."

Bai daɗe ba ya turo fuskokin dariya guda uku, ya rubuta: "Gwaggo ikon Allah."

Na ajiye waya na shiga wanka ina 'yar waƙata. Ko kaɗan ban tuna ba cewa mahaifinsa maƙerin ƙofofin ƙarfe ne, kuma har ya rasu bai taɓa taka shagon robar ba, yana cewa ɗansa ya bar sana'a ya kama wasa. Shi da bakinsa ya ba ni wannan labarin, wata rana muna jiran inji ya yi zafi. Na sani sarai. Dariya ce ta rufe mini ido.

Daga nan saƙonninsa suka gajarce. "Ina wurin mai sassaƙa." "Inji na gyara, kada ki wahalar da kanki ki zo." "Sai anjima." Ni ma lokacin ina ta kai Umma asibiti ana gasa mata hannu, ban sa komai a raina ba. Har na riƙa yi masa tsiya wai ya yi sabuwar mai zane. Bayan 'yan makonni sai ga saƙo: "Gobe da la'asar zan zo gaida Baba. Ki tabbata Gwaggo tana nan."

Ku zo ku ga rawar jiki. Na goge atamfata shuɗiya mai zanen ganye, wadda ya taɓa cewa tana yi mini kyau, na ɗauko mayafi ruwan toka, na sa 'yan kunnen Umma na azurfa. Na share tsakar gida har ƙarƙashin tanki, na shimfiɗa darduma, na jera kofunan baƙi a tire. Gwaggo ta iso tun azahar, wai ba ta son a ce ta makara wurin kallo.

Ya shigo da farar riga mai guga har tana ɗaukar ido, da ɗan kwali a hannu. Ya rame, na gani, amma na ce gajiyar aiki ce. Ya durƙusa ya gaida Baba, ya gaida Umma, ya juya wurin Gwaggo ya buɗe kwalin da hannu biyu.

"Gwaggo, na ji gyaran da kika yi mana. Ga shi a duba."

Ta ɗauka. Ta auna shi a hannu. Sai ga haƙoran Gwaggo a waje.

"Yauwa! Yanzu na ji magana. Wannan ko ɓarawo ka jefa da shi sai ya ji a jikinsa. Kai ɗana, ashe kana jin magana? Ke, zo ki ga abin da ake kira famfo."

Ta dangwara mini shi a hannu. Ya ninka namu nauyi. Jikinsa ya yi ƙiba, wuyansa ya cika. Na shafa shi da babban yatsa, kamar yadda muke yi wa duk abin da ya fito daga inji, sai na ji wani ɗan wuri a gefen wuya ya lotsa ciki. Ido ba zai gani ba, yatsa ne kawai ke ji. Na ɗago na dube shi. Shi kuma ya tsare darduma da ido kamar an ba shi aikin ƙirga zarenta.

Ya nemi izinin Baba ya cire tsohon famfon ƙarfen ya ɗaura wannan. Baba ya ce bismillah. Ya naɗe hannun farar rigarsa ya yi aikin, ruwa ya zubo, Gwaggo ta yi ta sa albarka, har tana cewa ita dama tun farko ta ga alamar hankali a tare da yaron. Kafin ya tafi ta ce manyansa su zo ƙarshen wata, ta juya ta ce, "Ko ba haka ba?" Baba ya gyara tabarau.

Na raka shi bakin ƙofa. Ban bari mun kai titi ba na ce, "Me ka yi wa ƙarfen?"

"Na ƙara kaɗan ne."

"Kaɗan? Kai ne fa kake cewa a fara da siriri, a gwada..."

"Na san abin da nake cewa."

"Ka gwada shi da ruwa ya kwana?"

Wata mota ta wuce ta watsa mana ƙura. Sannan ya ce, a hankali, "Mai Zane, yau an ce mini ɗana a gidanku. Ki bar ni in kai wannan gida tukuna."

Na bar shi. Na koma ciki.

Da safe na fito da buta, na tarar ƙasan tanki ya jiƙe, wani ya ajiye tsohon kwanon silba a wurin. Na tsuguna ina kallo. Ɗigo ya taru a bakin famfon, ya yi nauyi, ya faɗa. Ɗis. Wani ya fara taruwa. Na danna hannun da ƙarfi, na sake dannawa. Ɗis. Umma ta wuce ni da butarta ta nufi bokitinta na bayan kicin.

Ko karyawa ban yi ba na zura hijabi na tafi shago. Injin a kashe, fankar ma a kashe. Ya jera bokitai a kan benci daga bango zuwa bango, kowane da sabon famfo, kowane da kofi a ƙarƙashinsa, irin kofunan da yake zubawa. Shagon ya yi tsit, ba ka jin komai sai ɗis, ɗis, ɗis, kowane da lokacinsa. A gefe ga buhu cike da famfunan. Shi kuma yana zaune a kan wani buhun, da farar rigar jiya a jikinsa.

Ba sai an yi mini bayani ba, amma ku bari in yi muku. Roba mai kauri ba ta hucewa lokaci ɗaya. Bayanta ya daskare, cikinta yana nan da zafi, idan cikin ya zo hucewa sai ya tsuke ya janyo bayan. Lotsawar da yatsana ya ji ke nan. Ta ciki kuma, inda zoben roba yake zama ya tare ruwa, wurin ya karkace da abin da bai kai kaurin gashi ba. Ruwa kuwa abin da yake nema ke nan. Shi ya fi ni sanin wannan, shi ya koya mini.

"Na ɗauka in na ƙara ta waje kawai, ba zai taɓa mazaunin zoben ba," ya ce, bai dube ni ba. "Mai sassaƙa ya tambaye ni sau biyu, ka tabbata? Na ce ya ci gaba."

"Mai bokitai fa?"

"Na kai mata tun shekaranjiya. Ta ɗora a sikeli, ko ruwa ba ta sa masa ba ta turo mini abina. Ta ce ba wannan muka yi magana ba."

Wato ya san an mayar masa da shi, ya sa farar riga ya zo gidanmu. Na zauna a bakin benci.

"A yi walda mana, a cike wurin a sake sassaƙawa."

"Na tambaya. Irin wannan ƙarfen in ya sha wuta yana murɗewa, gida biyun ba za su sake haɗuwa daidai ba. Sai dai sabo." Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Babur ɗin kuma guda ɗaya ne dama."

"Don me ba ka gaya mini ba? Zanena ne fa. Da na hana ka."

"Shi ya sa ban gaya miki ba."

Ya ciro wayarsa ya ajiye a kan gwiwa. "Saƙon nan da kika turo, ban san sau nawa na saurare shi ba. Ba murfin kwalbar ba. Wurin da ta ce ta san ƙanenta."

"Amma dariya ka turo mini!"

Sai a lokacin ya ɗago ya dube ni. Idanunsa sun yi ja.

"To me kike so in turo?"

'Yan uwa, an sha gaya mini magana a duniya, Gwaggo kaɗai ta gaya mini wadda ta fi wannan zafi sau ɗari. Amma babu wadda ta taɓa zauna mini a ƙirji irin wannan. Bai zarge ni ba, da ya zarge ni ma da na samu abin musu. Na yi kuka a shagon nan, kukan da-na-sani, shi kuma ya tashi ya bi kofunan ɗaya bayan ɗaya yana juye ruwan cikin bokiti. Da zan tafi ya ce kada in faɗi komai a gida, in ba shi lokaci ya yi tunani.

Na dawo bayan la'asar. Baba yana zaune a kujerarsa ta roba kusa da tanki, rediyo a kashe a kan cinyarsa, kwanon silba ya kusa cika. Na gaishe shi zan wuce sum-sum, ya ce, "Uwata." Haka yake kirana, sunan mahaifiyarsa aka sa mini. "Zo nan."

Na durƙusa.

"Wannan ba irin na bayan kicin ba ne."

"Eh, Baba."

"Wancan kullum da asuba sai na sa hannu a ƙarƙashinsa. A bushe nake samunsa. Me ya sa ya canza?"

Na ce, "Gwaggo ce ta ce wancan ba shi da nauyi. Ta ce ba za ka ba mai ƙera kayan wasan yara 'yarka ba."

Baba ya cire tabarau, abin da ba kasafai yake yi ba. Ya dube ni har na sunkuyar da kai.

"Ni na ce?"

"A gabanka take faɗa, Baba. Ba ka taɓa cewa a'a ba."

"Yaya ce. Tun muna yara take magana ina saurare, ba yau zan fara katse ta ba. Ita tana faɗin nata. Ke kin taɓa zuwa kin tambaye ni nawa?"

Ban taɓa ba. Duk tsawon lokacin nan ina kwana ina tashi da fargabar Baba, ina kai wa bawan Allah rahoton fargabar, ban taɓa durƙusawa na ce Baba me ka gani ba.

"Uwarki ta shekara nawa tana jiran a buɗe mata ruwa a gidanta?" ya ce. "Ni da nake mijinta ban iya yi mata maganin abin ba, sai dai in murɗa mata in ina gida. Ranar da na leƙa na ga ta tara buta da kanta, ba ta kira kowa ba, ranar na gama shawarata a kan yaron nan. Jira kawai nake ya zo ya tambaya." Ya mayar da tabarau. "Ki ce masa ya zo ya cire mini wannan, ya sa irin wancan marar nauyin. Manyansa kuma ba sai ƙarshen wata ba, duk ranar da suka shirya ƙofa a buɗe take."

Irin wancan. Na ji kamar in kwanta a ƙasa in yi birgima. Ta yaya zan gaya wa Baba cewa ƙarfen da ke haifar irin wancan ya zama gari a shagon mai sassaƙa?

Duk da haka na tashi da gudu na faɗa ɗaki, har ina tuntuɓe da bakin hijabi. A raina ina cewa ƙarfe dai a sake wani, ko shekara nawa za a yi ana tarawa, ni ma ina da hannu, ina da zanen a kwamfuta, siririnsa, yadda yake tun farko. Abin da ya fi ƙarfe an riga an ba mu. Na ciro wayar da na bari a caji tun safe, sai na ga ashe ya riga ni.

"Mai Zane, na je wurin Kawuna na ce kada manyan su zo. Ba zan karɓi aure da famfon da na san yana ɗiga ba, kuma yanzu ba ni da abin da zan riƙe ki da shi. Na ba maƙwabcina makullin shago. Ki ba Baba haƙuri, ki ce na gode da karamci. Ba laifinki ba ne, kada ki sa a ranki."

Na kira. A kashe. Na sake kira. Na yi masa saƙon murya ina haɗa kalmomi da kuka, na ce Baba ya yarda, tun tuni ya yarda, tun ranar bokitin Umma. Saƙon ya tafi ya tsaya, bai shiga ba. Wancan da bai kamata ya ji ba, cikin ƙiftawar ido ya isa gare shi.

Daga tsakar gida Baba ya ɗaga murya. "Uwata, kin same shi? Yaushe zai zo?"

Na goge fuska da hijabi. Na zazzage jakata a kan gado, hoda da makullai da tsofaffin takardun asibitin Umma suka zubo, sai ga shi ya gangaro, farin famfon da Gwaggo ta cilla sama ta cafe. Shi ne na ƙarshe da ya rage. Na ɗauki sifana a akwatin kayan aikin Baba, na fita, na rage ruwan tankin a manyan robobi, na kwance mai nauyin na ɗaura wannan. Sai da na sake ɗaurin sau biyu. Na share bakinsa da gefen hijabi, muka zuba masa ido ni da Baba. Bai ɗiga ba.

Baba ya sa hannu a ƙarƙashinsa, ya jima, ya duba tafinsa. Ya ɗauke kwanon silba ya juye wa shukar Umma.

"Madalla," ya ce. "Saura mai shi."

Na ce, "To, Baba."

Har yanzu da nake rubuta muku wannan wayarsa a kashe take, maƙwabcin shagon ya ce bai faɗi inda za shi ba. Baba kuwa tun ɗazu ya sa an fito da babbar dardumar baƙi, an kakkaɓe ta, tana can a shanye a kan igiya.